Fuskar Kaisar a Tafin Talaka: Labarin Kuɗin Tagulla na Rumawa

Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsiri a watan azumi, mai jan baƙi yana ja malam yana fassarawa, har aka iso Suratul Kahfi, ya san wurin nan da samarin kogo suka farka daga dogon barcinsu, yunwa ta taso musu, suka tashi ɗayansu da azurfar da ke hannunsu ya shiga birni ya sayo musu abinci, suna ja masa kunne ya bi sannu kada wani ya farga da su. Malaman tafsiri sun ƙara bayani cewa kuɗin nan ne ya tona asirin yaron, domin da ya miƙa wa mai gurasa, shi kuwa ya juya shi ya ga sunan wani sarki da ƙasa ta daɗe da rufe idonsa, sai ya tabbata a ransa cewa wata taska ce ta mutanen da yaron ya tono, ya riƙe shi aka tara masa jama'a. Da yawa daga cikin malaman sun kira sarkin nan Dakyanus, masana tarihin Rum kuwa suna ganin shi ne Desiyus, wanda ya riƙe sarautar Kaisar daga 249 zuwa 251 Miladiyya, ya kuma kafa doka cewa kowane ɗan ƙasa ya yi yanka ga gumaka ya karɓi takardar shaida.

Ni dai abin da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuciya cikin wannan ƙissa ɗan ƙaramin abu ne, wato canjin da mai gurasa zai mayar wa yaron da a ce ciniki ya faɗa lafiya. Azurfa guda ta fi ƙarfin gurasar yini, saboda haka lalle ne ya sa hannu cikin ƙoƙonsa ya ƙirgo masa tagulla, kuɗin da marubutan tarihi ba su cika ɓata tawadarsu a kansa ba, alhali kuwa shi ne wanda ɗan dako da mai wankau da tsohuwa mai sayar da albasa suka sani, da shi suke kwana da shi suke tashi. Zinariya ta baitulmali ce da manyan attajirai, azurfa ta albashin soja ce da biyan haraji. Amma mutumin da aka haifa a wani ƙauye na Sham ko na Ifrikiyya, wanda har ajalinsa ya zo bai taɓa taka birnin Rum ba, a kan tagulla ya san kamannin mai mulkinsa, ko mai gemu ne ko mai aski, a kanta kuma yakan gane cewa an yi sabon sarki, wani lokaci tun kafin mai shela ya iso garinsu.

Wanda ya shimfiɗa tsarin kuɗin tagullar nan shi ne Agustas, Kaisar na farko da ya tattara mulki a hannunsa bayan yaƙe-yaƙen basasa, wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu. Kafin zamaninsa an daɗe gidan buga kuɗi na Rum bai fitar da ƙananan kuɗi yadda ya kamata ba, mutane suna ta fama da tsofaffin da suka suɗe, har in canji ya yi wuya a ɗauki guda a datsa shi gida biyu. Babba cikin waɗanda ya fitar shi ne sestarti, faffaɗa mai kauri, nauyinsa ya haura giram 25, faɗinsa ya ɗara santimita 3; ƙarƙashinsa akwai dufondi, rabinsa ke nan; sai as, rabin dufondi; sai ɗan autansu kwadran, rubu'in as. Sestarti huɗu su ne dinariyus guda na azurfa, dinariyus 25 kuma su ne awuriyus guda na zinariya, ashe ke nan zinariya ɗaya tana daidai da sestarti 100, ko as 400, ko kwadran 1,600.

Ko da yake an saba kiransu duka tagulla, ƙarfensu iri biyu ne, kuma a nan hikimar take. Sestarti da dufondi an yi su ne da gamin jan ƙarfe da tutiya, wanda in ya fito sabo daga maƙera yakan yi rawaya yana walƙiya sai ka ce zinariya. As da kwadran kuwa jan ƙarfe ne zalla. Da yake dufondi da as kusan girmansu ɗaya, launi ne ke raba su, mai sayarwa ko bai iya karatu ba ya san rawaya biyun ja ne. Amma kuɗi ba ya daɗewa a hannun jama'a bai yi dauɗa ba, in kuwa gumi da mai da ƙura suka haɗu launin sai ya rikice, rigima ta tashi a bakin tebur. Wannan ya sa tun daga zamanin Nero aka fara ɗora wa hoton Kaisar kambi mai tsinaye kamar hasken rana a kan dufondi, aka bar masa kambin ganye a kan as, yadda ko da magariba yatsa zai iya tantancewa.

Me ake saye da su? Birnin Fomfei, wanda toka daga dutsen Besubiyus ta binne shi a shekara ta 79, ya ajiye mana amsar a jikin garu. A bangon wata mashaya an rubuta cewa mai as ɗaya zai sha, mai as biyu zai sha wanda ya fi kyau, mai huɗu kuwa za a zuba masa giyar Falarno wadda manya ke alfahari da ita. Gurasa guda takan kama as biyu. Shiga gidan wanka na jama'a a birnin Rum kwadran ɗaya ne, har mawaƙansu suka mai da shi abin misali wajen siffanta araha. A cikin Linjila ma an ambaci gwarare biyu a kan as guda, da gwauruwar da ta jefa 'yan kuɗi biyu cikin baiko waɗanda in aka haɗa su kwadran ɗaya ne. Soja a zamanin Agustas yana karɓar sestarti 900 a shekara, a ciki ake yanke kuɗin abincinsa da tufafinsa, har Domishiyan ya zo ya mai da shi 1,200. Wanda kuwa yake neman kujera a Majalisar Dattawa sai ya nuna dukiyar sestarti miliyan ɗaya. Abin mamaki shi ne Rumawa da wannan kuɗi na tagulla suke lissafin dukiya kowace iri, gidaje da gonaki da gadon marayu, ko da yake babu mai biyan miliyan da shi, domin da za a tara su nauyinsu ya haura tan 25.

A bayan kusan kowane ɗayansu akwai manyan haruffa biyu, S da C, waɗanda ke nufin cewa da ƙudurin Majalisar Dattawa aka buga shi. Masana sun daɗe suna saɓani a kan haƙiƙanin ikon da majalisar ke da shi cikin wannan al'amari; ni kuwa abin da nake gani shi ne dabara irin ta Agustas, wanda ya ƙwace doki ya bar wa dattawa linzami su riƙa nunawa, domin fuskar da ke gaban kuɗin tasa ce, sunan tasa ne, laƙuban nasa ne. Masu kula da gidan bugawa samari ne uku daga manyan gidaje, waɗanda da wannan muƙami suke fara hawan matakalar sarauta, kuma da farko har sunayensu ake rubutawa, daga baya aka daina. Asalin gidan yana kan tudun Kafitol kusa da ɗakin gunkiyar nan Juno mai laƙabin Moneta, daga wannan laƙabi ne harsunan Turai da dama suka sami sunan da suke kiran kuɗi da shi. A ƙarshen ƙarni na farko aka mai da shi kusa da babban filin wasan nan na Kolosiyam. Aikin kuwa na hannu ne tsantsa, wanda duk maƙerin da ya gaji sana'arsa zai gane shi: a narka ƙarfe a zuba shi dunƙule-dunƙule, a sassaƙa hatimi biyu na ƙarfe mai tauri da hoto a juye, a kafa ɗaya a jikin uwar maƙera, wani ya sa dunƙulen da awartaki, wani ya ɗora hatimi na sama, na uku ya sauke masaba. Saboda haka ba a samun biyu da suka yi daidai da juna sak, wani ya karkace, wani rubutunsa ya fita gefe, wani an buge shi sau biyu hancin Kaisar ya zama tagwaye.

Rubutun da ke kewaye da kan Kaisar kamar kirari yake, an dai gajarta shi harafi-harafi: babban kwamanda, shugaban malaman addininsu, uban ƙasa, mai riƙe da ikon wakilin talakawa karo kaza. Wannan na ƙarshe duk shekara ake sabunta shi, saboda haka ya zama wa masu bincike kamar yadda tarihin wafatin maruwaita ya zama wa malaman hadisi, da shi suke cewa wannan an buga shi a shekara kaza, wancan ba zai yiwu ya riga shi ba.

Bayan kuɗin kuwa, nan ne allon da hukuma ke rubuta wa jama'a abin da take so su sani, kuma faɗin sestarti ya ba masu sassaƙa fili irin wanda azurfa ba ta ba su ba. A ɗauki wanda Nero ya buga wajen shekara ta 64 don tashar jiragen ruwa ta Ostiya, wadda Kalaudiyus ya fara ginawa a shekara ta 42. In ka ɗora shi a tafinka ka karkata shi wajen haske, sai ka ga tashar kamar yadda shaho zai gan ta daga sama: ganuwa biyu sun lanƙwaso ta dama da hagu kamar hannuwan mai rungumar randa, a tsakaninsu jirage bakwai ko takwas, wani ya naɗe filafilansa, wani yana shigowa, ga ƙaramin kwalekwale da matuƙansa, can sama gunki yana tsaye a kan hasumiyar fitila, can ƙasa wani tsoho ya kishingiɗa yana riƙe da matuƙin jirgi. Duk wannan a fili wanda bai kai bakin kofin shayi ba. Ma'anarsa kuwa ba ta ɓuya ga mutumin Rum, domin birni ne da ke cin alkamar Masar da Ifrikiyya, in jirage suka yi jinkiri yunwa ta shigo, in yunwa ta shigo tarzoma ta biyo ta. Abin da Kaisar ke faɗa masa shi ne ya kwantar da hankalinsa, hatsi na tafe. Nero mugun sarki ne bisa shaidar kusan duk waɗanda suka rubuta tarihinsa, amma adalci ya sa a faɗa cewa ba a taɓa sassaƙa kuɗin Rum da kyau irin na zamaninsa ba, kuma masu sassaƙar ba su yi masa kara ba, sun fito da kaurin wuyansa da taiɓar haɓarsa yadda suke.

Waɗanda suka fi taɓa ni su ne masu maganar sauƙaƙa wa talaka. Narba, dattijon da ya yi mulki daga 96 zuwa 98, ya ɗauke wa mutanen Italiya nauyin ba da dabbobi da kekuna ga manzannin hukuma, abin da ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya. Sai aka buga sestarti da hoton alfadarai biyu an kwance musu kaya suna kiwo, keken yana jingine a bayansu. Hadiriyan kuma, da ya hau a 117, shekarar da ta biyo ya yafe bashin haraji na sestarti miliyan 900 da baitulmali ke bin mutane, ya sa aka tara takardun aka cinna musu wuta a dandalin Tarajan. A kuɗin sai ga dogari riƙe da jiniya yana kai ta ga tulin takardu, adadin bashin an rubuta shi a kewaye, a wasunsu ma har da mutum uku sun ɗaga hannu suna murna. Kowa ya san cewa bashin da ya gagari karɓa yafe shi bai yi wa baitulmali wata asara ba, amma wanda ya daɗe yana jin bugun ƙofa gabansa na faɗuwa bai damu da wannan lissafi ba.

Akwai kuma masu maganar cin nasara, waɗanda daɗinsu ya danganta da ɓangaren da mutum yake. Bayan rushe Baitul Mukaddas a shekara ta 70, Basfasiyan ya cika kasuwanni da sestarti mai hoton dabino, ƙarƙashinsa mace ta zauna ta yi tagumi, an rubuta cewa an kama Yahudiya. Tarajan da ya haɗiye masarautar Nabatawa a 106 ya sa aka zana Arabiya a siffar mace tsaye, raƙumi a gefenta. Hadiriyan, wanda ya ƙare rabin mulkinsa a kan hanya, ya bi lardunansa ɗaya bayan ɗaya: Ifrikiyya da hular kan giwa tana riƙe da kunama, kogin Nilu a siffar dattijo tare da kada ko dorina, Biritaniya zaune da mashi da garkuwa. Wannan ta ƙarshe Turawan Ingila suka tono ta a 1672 suka ɗora a kan nasu kuɗin jan ƙarfe. Kuma waɗanda suka yi lissafin fam da sule da kwabo a makaranta kafin 1973 za su tuna da harafin d da ake rubutawa gaban kwabo, wanda ba kowa ya tambayi dalilinsa ba, alhali harafin farko ne na dinariyus.

Fuskar da ke kan kuɗi ba abin wasa ba ce a wurinsu. Marubucin tarihi Suwetoniyus ya ruwaito cewa a zamanin Tibariyus shiga makewayi da kuɗi mai hoton Agustas laifi ne da zai iya kai mutum ga halaka. Kasiyus Diyo kuma ya ce bayan an kashe Kaligula a shekara ta 41 majalisa ta yi umarni a narke tagullar da ke ɗauke da kamanninsa. A can iyakokin daula kuwa damuwar mutane daban ce, domin kuɗin ne ba ya isa. Hukuma ba ta ɗauki samar wa kasuwa canji a matsayin wajibinta ba, ta fi kula da biyan soja. Saboda haka a sansanonin kogin Rayin akan ɗauki as da ya suɗe a buga masa ɗan hatimi a ci gaba da karɓarsa, a Biritaniya da Gal da Andalus kuwa maƙeran gari suka shiga kwaikwayon as na Kalaudiyus, wasu da kyau, wasu kan Kaisar kamar ƙwarya, hukuma ta kau da kai tun da ita ta bar giɓin. A Kalkirize ta ƙasar Jamus, inda ake ganin nan aka hallaka rundunoni uku na kwamandan Rumawa Barus a shekara ta 9, an tono as masu ɗauke da hatimin sunansa, suna cikin manyan hujjojin da aka kafa wajen gane filin yaƙin. Gabashin daula kuwa bai shiga wannan ƙunci sosai ba, domin ɗaruruwan birane, Afsus na cikinsu, an bar su suna buga tagullarsu, gaba Kaisar, baya gunkin gari.

Sama da shekara 250 tsarin Agustas yana tsaye, kuma abin da ya kashe shi daga sama ya gangaro. Nero ne ya fara rage nauyin dinariyus ya sa masa ɗan algus. Waɗanda suka biyo baya, duk wanda yaƙi ya matsa wa ko soja suka tsananta masa sai ya ƙara, har a zamanin Saftimiyus Sabarus azurfar da ke ciki ta komo wajen rabi. A 215 Karakalla ya fito da sabon kuɗi da aka ɗauka a matsayin dinariyus biyu alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Kafin ƙarshen mulkin Galiyenus a 268, azurfarsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, jan ƙarfe ne aka yi wa wankan azurfa wanda ke gogewa cikin 'yan makonni. To, a nan mas'alar ta tsaya: ɗan ficicin kuɗin nan bisa doka sestarti takwas ne, amma ƙarfen da ke cikin sestarti guda ya ninka nasa nauyi sau da yawa. Wane mai hankali zai ba da takwas ya karɓi ɗaya? Sai mutane suka ɓoye sestarti, maƙera suka narke su, hukuma ta ga bugawa asara ce. Shi kansa Dakyanus ya gwada fitar da sestarti mai ninki biyu, Fostumus da ya ɓalle da mulkin Gal ya riƙa ɗaukar tsofaffin sestarti na Tarajan da Hadiriyan yana buga fuskarsa a kansu, har wani lokaci ana hango gemun wancan a ƙarƙashin na wannan. Bayan shekarun 260 sai aka daina, biranen gabas su ma suka rufe maƙerunsu ɗaya bayan ɗaya. Da Aureliyan ya tashi gyara, ma'aikatan gidan bugawa na Rum, waɗanda ake tuhuma da cin amanar ƙarfe, suka yi masa tawaye ƙarƙashin shugabansu Felisisimus, aka yi yaƙi sosai a cikin birni.

Diyokiletiyan ya sake ginin daga tushe wajen 294. Ya fitar da babbar tagulla mai nauyin giram 10 da ɗan wankan azurfa, iri ɗaya daga Landan har Iskandariyya, ana buga ta a gidaje wajen goma sha biyar, kowanne da alamarsa a ƙasan kuɗin da harafin sashen da ya yi aikin, yadda in an sami algus za a san wuyan wanda za a kama. Farashi bai saurare shi ba. A 301 ya fitar da dokar ƙayyade farashi, aka sassaƙa ta a duwatsu: mudun soja na alkama kada ya wuce dinariyus 100, ɗan ƙodago a gona 25 a yini da abincinsa, wanzami 2 a kowane kai, wanda ya ƙetare hukuncinsa kisa. Marubuci Laktantiyus, wanda ya ga zamanin kuma ba masoyin sarkin ba ne, ya ce an zubar da jini, kaya suka ɓace daga kasuwa, tsada ta ƙaru, aka bar dokar ta mutu da kanta.

Kustantin ne ya kawo abin da ya zauna, wato solidus na zinariya, guda 72 a ratali ɗaya na Rumawa, wanda ya riƙe nauyinsa da tsarkinsa wajen shekara 700. Marubuta suna yaba masa a kan wannan, kuma ya cancanta. Sai dai a daidai lokacin da zinariya ta tsaya cik, tagulla gangarowa take yi, daga giram 10 zuwa 5, zuwa 3, zuwa ƙasa da 2. Illar wannan a wuyan wa ta faɗa? Hukuma tana ƙara neman harajinta da zinariya, manyan ma'aikata da masu gonaki da zinariya suke ajiya, talaka kuwa da tagulla ake biyansa, in lokacin haraji ya zo ya ɗauki tarin da ya tara ya kai wa ɗan canji, ya tarar abin da ya isa bara bana bai kai ba. Wani marubuci na ƙarni na huɗu wanda sunansa bai iso gare mu ba, a cikin wata wasiƙar nasiha da ya aika wa sarakuna kan sha'anin yaƙi, ya ɗora laifin a kan Kustantin ƙarara, yana mai cewa yawaitar zinariya ta cika gidajen masu ƙarfi ta ƙara danne marasa ƙarfi. Shekara dubu bayan haka Maƙrizi ya yi irin wannan kuka a Masar ta Mamluka, cikin littafinsa Igasatul Umma, inda ya lissafa ambaliyar kuɗin jan ƙarfe cikin sabubban musibar da ta auka wa ƙasar.

A 348, shekara 1,100 da kafa birnin Rum bisa lissafinsu, 'ya'yan Kustantin suka fitar da sabuwar tagulla da rubutun da ke bushara da dawowar zamanin jin daɗi. Hoton da ya fi yawa a kanta soja ne ya taka garkuwa yana soke wani mahayi da dokinsa ya durƙushe, mahayin ya waiwayo ya ɗaga hannu ɗaya. An buga ta da yawan da ba ya ƙirguwa, cikin shekara goma ta ƙanƙance ta koma ƙasa da rabin yadda ta fara, masu jabu kuma suka bi ta da nasu ƙanana kamar ƙwayar wake. Yau ita ce mafi arahar kuɗin Rumawa a wurin dillalai, a kwano ake zuba ta mai saye ya tsinta. Yawan irin waɗannan kuɗi na ƙarshen daula ya sa ake tono su tuli-tuli: a Misrata ta Libiya a 1981 an sami sama da 100,000, a Furom ta Ingila a 2010 an sami 52,503 cikin tulu guda, a Tomares kusa da Ishbiliya a 2016 masu haƙa ramin aiki suka ci karo da tuluna 19 masu nauyin kilo wajen 600. Ƙasa takan yi musu riga, kore ko ruwan ƙasa ko baƙi mai santsi, wadda masu tara su ke ƙauna har sukan ce wanda ya kankare ta ya kashe kuɗin. Amma in ka ga wani kore mai gari-gari yana tsattsafowa kamar ƙurji, wannan ciwo ne da gishiri da laima ke haddasawa, in ba a yi maganinsa ba sai ya cinye ƙarfen.

A ƙarni na biyar abin da ya rage shi ne numus, ɗan ƙwaya mai nauyin giram ɗaya ko ƙasa, wanda wata doka ta shekara ta 445 ta nuna sai an tara 7,000 zuwa 7,200 kafin a sami solidus guda. Ba mai iya ƙirga wannan a bakin kasuwa, sai aka riƙa ɗaure su cikin jakar fata a buga mata hatimi, a miƙa ta a rufe. Sunan jakar nan da Latin folis. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da kakanninsa sun ƙirga wuri da keso, shi kuma har yau yana kiran wani adadi na kuɗi jaka. Anastasiyus, sarkin Kustantiniyya, shi ya warware matsalar a 498 da ya fitar da babbar tagulla mai harafin M a bayanta, wanda a lissafin haruffan Yunananci arba'in ne, wato numus 40, da ƙannenta masu K na 20 da I na 10. Sunan jaka sai ya koma kan wannan babban kuɗi.

Shi Larabawa suka tarar yana yawo a kasuwannin Sham da Masar, suka lanƙwasa sunan a harshensu ya zama falsu, jam'insa fulus, kamar yadda dinariyus ya riga ya zama dinari, ya kuma tashi daga azurfa ya koma zinariya. Bayan buɗe Sham an yi shekaru ana buga fulus a Dimashƙa da Himsa da Ba'alabakka da Ɗabariyya bisa siffar na Rumawa, da hoton sarki a gaba da harafin M a baya, sai dai a gefe an ƙara kalma da Larabci mai tabbatar da ingancinsa, a Himsa ɗayyib, a Dimashƙa ja'iz. Har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya kawar da hotuna a shekara ta 77 bayan Hijira ya bar rubutu kaɗai. Daga wannan falsu ne malaman lugga suka ce aka ciro muflis, mutumin da dinarinsa da dirhaminsa suka ƙare ya koma ba shi da komai sai fulus. Kuma ɗalibin da ya kai babin taflisi a cikin littafin fiƙihun nan Muhtasar, yana koyon yadda alƙali ke raba ragowar dukiyar wanda bashi ya yi wa katutu a tsakanin masu binsa, sunan jakar tagullar Rumawa yake maimaitawa a gaban malaminsa.